Yadda Ake Sa Sabon Zubin Kuza Ya Yi Kama da Tsoho

Wataƙila kun taɓa ganin ƙananan gicciyen nan na ratayawa a wuya, ko lambar yabo, ko maƙalin makulli, irin waɗanda ake sayarwa a shagunan littattafai na birni. Launinsu toka-toka ne, ba su da ƙyalli irin na azurfa, lungunan zanensu kuma baƙaƙe ne, sai ka ce kayan gado ne daga kakanni. Sau da yawa sababbi ne fil. Da gangan aka tsufar da su, aikin kuwa bai wuce na yini ɗaya ba. Masu kyau a cikinsu da wani ƙarfe ake yin su wanda Turawa ke kira fiyuta.

A wannan fitowa za mu bayyana yadda ake wannan aiki, saboda maƙeran fari da ke cikinmu da kuma matasa masu neman sana'ar hannu. Akwai wani dalili kuma da ya shafi kowane gida. Hanya mafi arha ta samun wannan launi ita ce a zuba dalma a cikin gamin, dalma kuwa guba ce. Ana iya samun launin ba tare da ita ba.

Mene ne fiyuta?

Fiyuta gami ne na ƙarafa uku, mafi yawansa kuza. A zamanin yau, in an raba shi kashi 100, wajen kashi 92 kuza ne, kashi 6 wani ƙarfe mai suna antimoni, kashi 2 kuma jan ƙarfe. Kuza shi kaɗai yana da laushi ainun, ko cokali aka yi da shi zai lanƙwashe a hannu. Sauran biyun su ne ke ba shi ƙwari. Masu zubi suna son sa domin ba ya wuyar narkewa. Kuza yana narkewa a digiri 232 na ma'aunin santigiret, alhali alminiyam da ake zuba tukwane da shi sai ya kai digiri 660. Garwashin gawayi da ƙaramin kaskon ƙarfe sun isa.

An daɗe ana wannan sana'a a Turai, musamman a Ingila, inda ake haƙar kuza a yankin Konwol tun kafin zuwan Romawa. Maƙeran fiyuta na birnin Landan sun kafa ƙa'idojin sana'arsu a 1348, Sarki Edward na Huɗu kuma ya ba ƙungiyarsu takardar izini a 1474. Shekaru ɗaruruwa, mutumin da ya fi ƙarfin akushi amma bai isa sayen azurfa ba, a kwanon fiyuta yake cin abinci. Majami'un karkara da yawa da shi suke yin faranti da tulun ruwan inabi na Jibin Ubangiji. Masu zuwa ziyara Kantabari, inda aka kashe Akbishop Thomas Becket a 1170, sukan sayi ƙananan bajoji na gamin kuza da dalma da aka zuba a mazubin dutse, su maƙala a hula. An tsinto da yawa daga cikinsu a lakar kogin Tems. A ƙasar Maleshiya kuma, kamfanin Royal Selangor yana wannan aiki tun 1885.

Mu ma ba baƙin kuza ba ne. Tun kafin Turawa su soma haƙa a tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20, mutanen Ririwai suna narka kuza, suna zuba shi a cikin ramukan da aka huda da tsinken ciyawa, ya fito sirara-sirara, fatake su kai kasuwanni. Daga baya kuzan Jos da Bukuru ya riƙa bin jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Kududdufan da haƙar ta bari suna nan har yau.

Suna ɗaya, ƙarfe biyu

A nan ne ya kamata a natsu. A bakin mutane, kusan kowane farin ƙarfe mai laushi sunansa dalma. Ɗaya daga cikin garuruwan nan na masu narka kuza ma Ririwan Dalma ake ce da shi. Amma kuza daban, dalma daban. Dalmar da muke nufi a wannan rubutu ita ce mai nauyin nan da ke cikin batirin mota, da wadda masunta ke ɗaurawa a bakin taru, da wadda masu gyaran taya ke maƙalawa a jikin wili. Wayar lika ta masu gyaran rediyo ma, irin ta da, kashi 60 kuza ce, kashi 40 dalma.

Da ɗan kula ana iya bambanta su. Dalma ta fi kuza nauyi da kusan rabi: in gutsuren kuza ya kai giram 7, gutsuren dalma mai girmansa zai kai kusan giram 11. In ka goga dalma a farar takarda za ta bar layi mai duhu kamar na fensir. In ka lanƙwasa sandar kuza mai kyau kusa da kunne, za ka ji tana ƙara ƙas-ƙas, dalma kuwa shiru take lanƙwashewa. Waɗannan alamu suna iya tona asirin gamin da dalma ta yi masa yawa. Ba sa iya tabbatar da cewa babu ita sam. Saboda haka tarkacen da ba a san asalinsa ba bai cancanci shiga kasko ba. A nemi sandar kuza ko ta fiyuta wadda mai sayarwa ya rubuta abin da ke cikinta. Sandar lika marar dalma, irin wadda ake haɗa bututun ruwa da ita, kusan duka kuza ce da ɗan jan ƙarfe ko antimoni, tana kuma zubuwa da kyau.

Wani abin lura: waɗansu sukan ce antimoni shi ne tozali. Kada maƙeri ya dogara da wannan. Dutsen tozali da ake sayarwa a kasuwanni sau da yawa ma'adinin dalma ne.

Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ba, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka mutu saboda gubar dalma. A can, duwatsun zinariya ne aka riƙa dakawa a tsakar gida, ƙurar ta shiga abinci da hannuwan yara. Aikin ya bambanta da zubi, amma gubar ɗaya ce. Maƙerin da ke narka dalma yana goge ta da magagari a zaure, yana barin irin wannan ƙura a tufafinsa da tabarmarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka sani marar lahani. Ta fi cutar ƙananan yara da mata masu ciki, domin tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke girma, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa. Gicciyen da aka rataya wa yaro a wuya, a bakinsa yake yini.

Me ke sa tsohon kaya duhu?

Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin. Iska tana haɗuwa da fuskar ƙarfe a hankali ta yi masa wata siririyar fata. A jikin kuza, fatar toka-toka ce mai haske, tana kuma ɗaukar shekaru. In akwai dalma a ciki, fatar tana fitowa da sauri, tana kuma yin duhu mai ɗan shuɗi. Tsofaffin kayan Turai masu arha, akwai waɗanda dalmarsu ta kai kashi ɗaya cikin biyar, har ma fiye. Shi ya sa suka yi baƙi haka. A wajen 1770 maƙeran birnin Shefil suka fito da gami marar dalma wanda ke riƙe haskensa, a 1974 kuma Birtaniya ta kafa ƙa'idar da ta taƙaita dalma a fiyuta zuwa ɗan mitsitsi. Fiyutan yau ba ya saurin tsufa da kansa, shi ya sa ake tsufar da shi da hannu.

Abu na biyu shi ne hannun mutane. Duk inda zane ya taso sama, yatsu da tsumma suna goge shi kullum, sai ya yi haske. Lunguna kuwa hannu ba ya kaiwa, sai hayaƙi da maiƙo da ƙura su taru su yi baƙi. Abin da ido ke gani ya ce wannan tsoho ne, bambancin nan ne tsakanin tudu da kwari. Kayan da aka baƙanta gaba ɗaya aka bar shi haka, kama yake yi da abin da ya faɗa cikin murhu.

Kafin a sa launi

Kalma biyu a kan zubin kansa. Mazubi ya bushe ƙayau, ko na dutse ne, ko na yumɓu, ko na katako. Ɗigon ruwa ɗaya in ya haɗu da narkakken ƙarfe yakan zama tururi nan take ya watso ƙarfen a fuska. A yi aiki a fili, da takalmi mai rufi, yara kuma su yi nisa. Kaskon da aka narka ƙarfe a ciki kada ya koma madafa.

Bayan kaya ya huce, a yanke wutsiyar zubin, a goge bakin da magagari. Kada a yar da wutsiyar, a kanta za a riƙa gwada launi. In ana son gefuna su yi kamar hannu ya cinye su, a sa kayan a gwangwani tare da ƙananan tsakuwa masu santsi da ɗan ruwa, a rufe, a girgiza na 'yan mintoci. Waɗansu sukan bubbuga da guduma don ya yi taɓo. A ganinmu wannan ɓata kaya ne, domin mai saye yakan gane taɓon da aka yi da gangan.

Sai wanki, wanda mutane suka fi rainawa. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye sosai. Daga nan kada a sake taɓa fuskar kayan da yatsa. Maiƙon hannu yana hana launi kamawa, har shaidar yatsan mutum takan fito fara a tsakiyar baƙi. A riƙe ta gefe, ko a soka waya a ramin ratayawa. Sannan a kashe ƙyallin: a tankaɗe toka mai laushi, a dama da ruwa, a goga da tsumma ana kewayawa, har fuskar ta dushe, a ɗauraye. Soson ƙarfe na wanke tukunya ya yi kaushi ga wannan aiki, karce zai bari.

Hanyoyin baƙantawa

Hanyar da muka fi ba ku shawara ita ce wadda ba ta buƙatar sinadari ko ɗaya. A kankaro kunkunniya daga gindin tukunya ko daga gilashin fitila, a tankaɗe ta. A narka kakin zuma a kan wuta kaɗan, a zuba ɗan man gyaɗa don ya yi laushi, a juya kunkunniyar a ciki har ya yi baƙi wuluk. In ya huce zai yi kamar man takalmi. A ɗiba da buroshi a cusa cikin kowane lungu na zanen, a bari kamar minti 10, sannan a naɗe tsumma a yatsa a share tudun kawai. Baƙin man takalmi na kanti ma yana yi. Rauninta shi ne kaki yana narkewa a wajen digiri 63, tun kafin nan ma yana laushi, don haka kayan da aka bari a rana ko a aljihu yana iya shafar tufafi. In kayan na ratayawa a wuya ne, gara a yi amfani da baƙin fentin mai da aka tsinka da ɗan kananzir. A shafa, a share tudu tun bai bushe ba, a bar shi kwana biyu. Masana'antu da yawa irin wannan suke yi wa lambobin yabo da maƙalan makulli.

Ruwan khal, wato binega, ko ruwan lemun tsami da ɗan gishiri, yana dusar da fuska ya ba ta launin toka mai haske in an jiƙa kayan na wasu awoyi. Ba zai kai baƙi ba ko an kwana ana jira. Yana da amfani a matsayin shimfiɗa kafin a sa kaki. Akwai kuma dabarar dafaffen ƙwai da masu ƙera azurfa suka sani, a rufe zobe da gwaiduwa mai zafi a roba har ya yi baƙi. Tana ci a kan azurfa da jan ƙarfe. A kan kuza asarar ƙwai ce kawai.

Akwai wani gishiri mai launin shuɗi da ake kira kofa salfet, wanda ake haɗa maganin feshin gona da shi. In an narka ƙaramin cokali ɗaya a kofin ruwan ɗumi aka shafa wa kuza, jan ƙarfen da ke cikin ruwan yakan sauka ya kwanta a fuskar, ta yi ja-ja zuwa ruwan ƙasa. Masu haɗa tagogin gilashi masu launi suna amfani da shi a kan likin da ke tsakanin gilasai. Launin ya fi kama da tsohuwar tagulla, kuma yana goguwa in ba a rufe shi ba. Wannan ruwa yana kashe kifi, tumaki kuma ba sa jure jan ƙarfe, don haka kada a zubar da shi inda dabbobi ke sha.

Baƙi mafi ƙarfi daga ruwan kwalba yake fitowa, wanda masu sayar da kayan aikin maƙeran ado ke sayarwa a Turai da Amurka don baƙanta fiyuta. Yawancinsa asid ne da gishirin jan ƙarfe da wani sinadari mai suna seleniyam. Da zarar ya taɓa ƙarfe mai tsabta, cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka ya yi duhu. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin kaya ya daɗe a ciki. Sai baƙin ya yi kauri kamar kunkunniya, ya bi tsumma ya tafi. Gara a shafa sau biyu kaɗan-kaɗan, ana ɗaurayewa a tsakani. Bayan haka a tsoma a ruwan kanwa marar ƙarfi don ya kashe asid ɗin, a sake ɗaurayewa da ruwa mai kyau, a shanya. Wannan ruwa guba ne. Sai da safar hannu ta roba, a fili, da abin kare ido. Kada a juye shi a kwalbar lemo ko ta ruwan sha, domin yaro ba ya karanta takarda kafin ya kai baki. Ragowarsa kada ta kusanci rijiya. Ruwan batirin mota kuma ba madadinsa ba ne: yana ƙona fata, yana kuma ɗauke da dalmar da muke gudu.

Fito da tudu

Kowace hanya aka bi, a nan ne kyan aikin yake. A ɗauki tsumma mai kauri da ɗan toka mai laushi, ko soson ƙarfe mafi laushi na masu aikin katako mai lamba 0000, a bi saman zanen a hankali. A tambayi kai: da wannan gicciye ya shekara 50 a wuyan mutum, ina yatsa zai riƙa taɓawa? Tsakiya da gefuna da kewayen ramin igiya. Nan ne za a fi gogewa. A tsaya akai-akai a duba kayan a inuwa, domin hasken rana yana ruɗin ido. Cire baƙi yana da sauƙi, amma in an wuce gona da iri sai an koma wanki daga farko. Daga ƙarshe a shafa farin kakin zuma kaɗan, a bari ya sha iska, a murza da tsumma mai laushi. Kakin yana riƙe launin, yana kuma ba shi ɗan sheƙi irin na abin da aka daɗe ana riƙewa.

Kofi da faranti

Duk abin da muka faɗa na kayan ado ne. Cikin kofi, da cokali, da faranti, da duk inda abinci ko leɓe zai taɓa, ba a sa masa fenti ko sinadari. In ana son kofi ya yi kamar tsoho, a yi wa gindinsa da zanen waje, a bar ciki da baki fari.

In kuwa wata ikkilisiya tana da tsohon kofi ko tulu mai nauyi mai launin toka da ta gada, ba a kuma san gaminsa ba, a daina sha da shi. Abin sha mai tsami, ko ruwan inabi ne, ko zoɓo, ko kunun tsamiya, ko nono, yana narkar da dalma daga jikin ƙarfe, musamman in ya jima a ciki. A ajiye kofin don tarihi. Kada kuma a kankare duhunsa da yashi don a ce an tsabtace shi. Masu tara tsofaffin kaya suna daraja wannan duhu, kofin da aka kankare kuwa farashinsa faɗuwa yake yi. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma sun ishe shi.

Hatimin maƙeri

Tun da aikin yana sa sabo ya yi kama da tsoho, akwai jarabar a sayar da shi a matsayin kayan tarihi, musamman ga baƙi. A Ingila ma an sha yin haka, har yau masu saye suna karo da jabun tsofaffin kwanuka. Maganin da maƙeran can suka daɗe da shi shi ne hatimi. A 1503 doka ta tilasta wa mai ƙera fiyuta ya buga alamarsa a jikin kayansa, domin in an sami dalma fiye da ƙa'ida a san wanda za a tuhuma. Ƙungiyar Landan tana ajiye da allunan da maƙera suka riƙa buga alamunsu a kai, ko da yake na farkon sun salwanta a babbar gobarar birnin ta 1666.

Maƙerin ƙauye ma yana iya yin nasa. A sami guntun ƙusa mai kauri, a fere bakinta da magagari ta zama harafi ko wata alama, a ɗora a bayan kayan a buga sau ɗaya da ƙaramar guduma. Fiyuta yana da laushi, bugu ɗaya ya isa, amma a shimfiɗa fata a ƙarƙashi don kada zanen gaba ya baje. A ƙara da shekarar da aka yi shi. A buga hatimin kafin wanki da baƙantawa, domin baƙin ya shiga cikin lambobin su fito a karanta.